Wa ke ba dokin Lu Bu harawa? Ra'ayina kan gem ɗin yaƙin tsohuwar Chaina

Musu ne ya kaure tsakanina da ƙanena ranar Asabar da daddare, wai tsakanin Total War: Three Kingdoms da Romance of the Three Kingdoms wanne ya fi. Yana zaune gaban laftof ɗina ya saki Lu Bu, wani shahararren jarumin tsohuwar Chaina, shi kaɗai cikin rundunar abokan gaba, mutumin nan yana ta watsar da sojoji kamar ana sheƙar gero, sai ya juyo ya ce min, "Yaya dubi nan fa, mutum ɗaya ya kori runduna guda, wancan tsohon gem ɗin naka mai kama da lissafin kanti ina zai iya haka?" Na ce masa to na gani, amma waɗannan da ya karkashe ɗin 'ya'yan su waye, kuma shi dokin da yake kai wa ya ba shi harawa da safe? Ya ce ni dai na cika son wahala. Tun daren nan maganar ke cina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta yadda take a raina, don ni a wajena abun ya wuce wanne ya fi kyan hoto, magana ce ta me waɗannan wasanni suke cusa wa yaranmu a kai game da mulki da yaƙi, tunda awannin da suke kashewa a kansu sun ninka waɗanda suke ba littafin tarihi.

Ga wanda bai san zancen ba, yawancin gem ɗin nan a kan zamani ɗaya suke yawo, wato ƙarshen daular Han. A shekarar 184 talakawa suka yi bore ƙarƙashin wani mai suna Zhang Jue, suna ɗaura ƙyalle ruwan ɗorawa a ka, yunwa da annoba da zaluncin fada ne suka kai su bango. An murƙushe su amma gwamnoni da janar-janar da aka ba damar tara soja ba su mayar da takobi kube ba. A 189 wani janar mai suna Dong Zhuo ya shiga babban birni Luoyang ya riƙe yaron sarki a hannunsa, a 190 ya ƙone birnin ya kwashe mutane zuwa Chang'an, daga nan kowa ya kama gabansa. Aka yi ta gwabzawa har ƙasa ta rabu uku, Wei ta gidan Cao Cao a arewa, Shu ta Liu Bei a yamma, Wu ta Sun Quan a kudu maso gabas, kuma a ƙarshe babu ko ɗaya cikin ukun da ya ci, gidan Sima ne suka kwashe garaɓasar suka haɗe ƙasar a 280 da sunan daular Jin. Kusan shekara ɗari kenan ana abu ɗaya.

To labarin nan ta hanya biyu ya iso mana. Akwai tarihin da Chen Shou ya rubuta a ƙarni na 3, mutumin da ya yi aiki a Shu kafin ta faɗi, daga baya Pei Songzhi ya yi masa dogon sharhi a 429. Sannan akwai ƙagaggen labarin da ake jingina wa Luo Guanzhong a ƙarni na 14, shi ne wanda duniya ta fi sani, shi ne ya mayar da Liu Bei salihin bawa, Cao Cao mugu, Zhuge Liang, mashawarcin Liu Bei, kuma kamar mai aiki da aljanu. Rantsuwar 'yan'uwantaka da Liu Bei da jarumansa Guan Yu da Zhang Fei suka yi a lambu, wadda gem da yawa suke buɗewa da ita, ba ta cikin tarihin Chen Shou. Hua Xiong, janar ɗin Dong Zhuo, da ake cewa Guan Yu ya sare kafin giyarsa ta huce, a tarihi rundunar Sun Jian, mahaifin Sun Quan, ce ta kashe shi. Kiban da aka ce Zhuge Liang ya aro da jiragen ciyawa, abin da ya yi kama da haka da Sun Quan ya faru a 213, kibau suka yi wa jirginsa nauyi gefe ɗaya ya sa aka juya ɗaya gefen. Diaochan ma, kyakkyawar da labarin ya ce ta haɗa Lu Bu da Dong Zhuo faɗa, gaba ɗayanta ƙirƙira ce. Ban ce laifi ne a ji daɗin almara ba, ni ma ta wannan ƙofar na shigo, amma duk gem ɗin da za ka ɗauka sai ya zaɓi rijiyar da zai fi sha a cikin biyun nan, kuma zaɓin nan shi ne komai.

Bari in fara da na ƙanena in ba shi haƙƙinsa. Total War: Three Kingdoms kamfanin Creative Assembly na Ingila ne ya yi shi, ya fito a watan Mayu 2019, kuma cikin mako guda ya sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya. Wallahi ranar farko da na ga fagen fama a cikinsa sai da na yi shiru, masu baka na sakin kibau kamar ruwan sama, dawakai na zagayowa ta bayan daji, wuta ta kama bishiyoyi da dare. Babu wani gem na wannan zamanin tarihi da ya kamo shi a wannan fannin, ko kusa. Sannan diflomasiyyarsa ta fi ta duk sauran Total War da na taɓa bugawa, za ka zauna kana ciniki da wani sarkin yaƙi kamar a kasuwar Dawanau, ka ba shi abinci na wasu watanni ya ba ka kuɗi, ka ƙara masa da doki ko wani tsohon kayan ado ya yarda da zaman lafiya, ka aurar masa da 'yarka ya shigo ƙawance. Janar-janar ɗinka ma ba gumaka ba ne, suna da abokai da abokan gaba, in ka haɗa biyu da ba sa ga maciji a runduna ɗaya za ka ga ransu na ɓaci, in ka daɗe ba ka ba mutum muƙami ba sai ya tattara ya koma wajen maƙiyinka da sojojinsa. Kuma wanda ya zo neman aiki wajenka yana iya zama ɗan leƙen asirin wani ne. Duk wannan na yaba.

Kuma sun yi wani abu na adalci, sun raba wasan gida biyu. Akwai salon da suka kira Romance inda janar shi kaɗai tamkar runduna ne, akwai Records inda janar mutum ne kamar kowa, yana tafe da dogarawansa, sojoji na gajiya, in ka yi ganganci ka tura shi tsakiyar masu mashi gawarsa za a dawo maka da ita. Matsalar ita ce cikin duk waɗanda na sani masu buga shi a nan, ban ga mai taɓa Records ba, kowa Romance, kowa Lu Bu, kowa so yake ya ga lambar waɗanda aka kashe tana hawa a ƙasan hoton jaruminsa. Kuma kai da ganin yadda aka ƙawata ɓangaren ka san can kamfanin ya zuba ƙarfinsa. Akwai abinci a wasan, akwai guzurin soja da ke raguwa in ka shiga ƙasar maƙiyi ko lokacin sanyi, ban musa ba, amma da zarar ka kama garuruwan noma uku huɗu ka gina su shikenan ka manta da zancen, hankalinka ya koma kan wane takobi za ka rataya wa wane jarumi. Wani abin haushin kuma, yaƙin da ya fi kowane suna a wannan zamani, na Chibi a ƙarshen 208 inda Sun Quan da Liu Bei suka ci Cao Cao, a kan kogin Yangtze aka yi shi da jiragen ruwa da wuta, amma gem ɗin ba shi da yaƙin ruwa da za ka ja da hannunka, kwamfuta ce ke yanke hukunci. Mutane na ta jiran a kawo shi, sai a Mayu 2021 kamfanin ya sanar ya daina ƙara komai a wasan. Ƙarin da suka tsaya a kai na shekarar 200 ne, ka ga ke nan gem mai suna masarautu uku ya tsaya tun kafin a kai inda masarautun suka kafu a tarihi, ban da wani ƙari da ya yi tsalle zuwa rikicin yarimomi takwas na 291 wanda mutane da yawa ba su nema ba.

Yanzu ga nawa. Romance of the Three Kingdoms na kamfanin Koei ne na Japan, tun 1985 suke fitar da shi, na 14 ya fito a 2020, amma ni na 11 nake nufi, wanda ya fito a 2006, kuma har gobe ina kan bakana cewa ba su sake yin kamarsa ba. Taswira ce guda ɗaya tak kamar zanen tawada, duk Chaina a shimfiɗe, a kanta kake gina gona da kasuwa da barikin soja, a kanta kake yaƙi, kowane zagaye kwana 10 ne. Ba ka da ikon yin komai da komai a zagaye ɗaya, akwai iyakar umarnin da za ka bayar, kuma kowane aiki sai ka ɗora wa mutum, in ka tura gwanin lissafinka ya gina kasuwa to ba ya nan da zai je jawo wani malami daga garin maƙwabta. Nan ne ka fara gane cewa mulki ƙarancin mutanen kirki ne, ba ƙarancin masu takobi ba.

Akwai daren da ba na mantawa. Na ɗauki Shu, na tara mayaƙa masu kyau a Hanzhong na ce yau sai Chang'an. Na duba ƙarfin janar-janar ɗina na ga sun fi na Wei da ke gadin wajen, ban tsaya duba kwanakin guzuri da kyau ba na saki runduna. Hanyar nan ta cikin duwatsu ce, wani wajen katako ne aka kafa a jikin dutse, tafiya ba ta sauri kuma sojoji na raguwa tun kafin su ga maƙiyi. Da na isa sai mutanen Wei suka ƙi fitowa, suka zauna bayan ganuwa suna harbi, ni kuma ina kallon lambar abinci tana sauka, kwana 40, kwana 30, kwana 20. Na tura ayarin hatsi daga baya, wasu 'yan dawakai ƙalilan suka zagayo suka tare shi a mashigar dutse. An ɗauke wuta, batir na kuka, ni kuma ina zaune cikin duhu ina kallon rundunar da na shafe shekara biyu ta cikin gem ina ginawa tana narkewa ba tare da an yi wani babban karo ba. Ban ji haushin wasan ba sam, jikina ne ya yi sanyi, don a daren na fahimci abin da ya sami Zhuge Liang fiye da duk abin da na karanta. Mutumin nan daga 228 zuwa 234 yana fita yaƙin arewa ta waɗannan duwatsun, fiye da sau ɗaya abinci ne ya dawo da shi gida ba takobin Wei ba, har keken dakon hatsi ya ƙirƙiro saboda wannan matsala, a fitarsa ta ƙarshe ma sa sojoji ya yi su yi noma a bakin daga a Wuzhang, Sima Yi, janar ɗin Wei, kuma ya ƙi fitowa ya yi ta jira har ciwo ya kashe Zhuge Liang a sansani. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, Sima Yi ya san wannan sarai.

Kuma in ka bi manyan yaƙe-yaƙen zamanin ɗaya bayan ɗaya haka za ka tarar. A Guandu a shekarar 200 Yuan Shao ya fi Cao Cao yawan soja nesa ba kusa ba, shi Cao Cao abincinsa ya kusa ƙarewa har yana tunanin janyewa, sai wani mashawarcin Yuan Shao mai suna Xu You ya sauya sheƙa ya faɗa masa inda rumbunan suke, a Wuchao. Cao Cao ya ɗauki 'yan dubban sojoji cikin dare ya je ya cinna musu wuta, rundunar Yuan Shao ta watse. A Chibi kowa wutar da Huang Gai, janar ɗin Sun Quan, ya cinna wa jiragen Cao Cao yake tunawa, amma tarihi ya rubuta cewa cuta ta riga ta cinye sojojin arewa da ba su saba da ƙasar ba. A Jieting a 228 Ma Su na Shu ya kai sojansa kan tudu ya bar ruwa a ƙasa, Zhang He na Wei ya zo ya tare hanyar ruwan kawai, ƙishirwa ta gama aikin. Shi kansa ƙarfin Cao Cao in ka tona ba daga jarumai ya fito ba, daga 196 ya fara tsarin da suke kira tuntian a kewayen birnin Xu, a tara 'yan gudun hijira a ba su gonakin da aka gudu aka bari, a ba su shanun huɗa, su noma a raba amfanin da gwamnati. Lu Bu da ƙanena yake ji da shi fa? Ya kashe iyayen gidansa biyu, bai taɓa iya riƙe ƙasa ya ciyar da ita ba, aka kewaye shi a Xiapi aka sako masa ruwan kogi, mutanensa suka ba da shi aka kashe shi. Abin da jarumtar ta saya masa ke nan.

Ba wai Koei ba su da nasu laifin ba. Su ne ma suka koya wa duniya auna mutum da lamba, Lu Bu ƙarfi 100, Zhuge Liang basira 100, har yara na musu a kan wa ya fi wa da maki biyu kamar 'yan ƙwallo. Kwamfutar da kake karawa da ita ba ta da wayo sosai, in ka kama kashi ɗaya cikin uku na ƙasar sauran wasan ya zama shara kawai, ka san ka ci amma sai ka ƙara awa goma kana bin garuruwa. Ga tsada, su fitar da gem sannan su dawo su sayar maka da cikonsa daban. Na 13 da ya fito 2016 ya ba ka damar zama mutum ɗaya, ko ƙaramin ma'aikaci ne, ka yi abokai ka yi aure ka hau muƙami, yana da daɗi amma yaƙinsa bai gamsar da ni ba. Na 14 kuwa ya zo da dabara ɗaya da na so ƙwarai, duk inda sojanka ya taka launin ƙasar ya koma naka, kuma ta wannan launin guzuri ke bin su, in wani ya zagayo ya yanke layin sai babbar runduna ta ruɗe nan take. Wannan ita ce Wuchao a cikin ƙa'idar wasa. Sai dai sun rage harkar gina gari har ta zama naɗa mutum kawai ka koma gefe.

Akwai wani da ba a cika sa shi cikin wannan musun ba kuma ni a ganina ya cancanta, Emperor: Rise of the Middle Kingdom na 2002. Shi ba gem ɗin yaƙi ba ne sosai, gina gari ne, yana farawa tun daga ɗan ƙauyen Banpo ya bi dauloli har zuwa zamanin Song da Jin, kuma kowace tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. A nan ne kaɗai na ga talakan Chaina da idona. Ka ga mai ɗiban ruwa ya fito daga rijiya yana bin layi, ka ga mai talla ta ɗauko abinci daga kasuwa tana rabawa gida-gida, in hanyar da ka shimfiɗa ta karkace ba ta bi ta wata unguwa ba sai gidajen su lalace mutane su ɗaure kaya su bar maka garin kana kallo. Gida ba ya ci gaba sai abinci ya zama kala-kala, gero kaɗai ba ya isa sai an haɗa da kabeji ko kifi ko waken suya, sai tufafi, sai tukwane. Ranar da aka ce ka gina wani yanki na babbar ganuwa ko ka haƙa babban magudanin ruwa, za ka ga 'yan ƙwadago na jigilar ƙasa shekara da shekaru kuma kai ne za ka nemo abin da za su ci. Wanda ya buga wannan ba zai sake kallon hoton ganuwar Chaina ya ce kai sarkin nan ya iya gini ba, zai tambaya mutum nawa aka kwasa daga gona. Oriental Empires na 2017 ma ya ɗan taɓo wannan, yana farawa tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, talakawa ne ke maka aikin gayya, in ka matsa musu da gine-gine su yi maka bore, masu sarauta ma da nasu fushin daban, kuma a yaƙi umarni kawai kake bayarwa ka koma kallo ko za a bi ko ba za a bi ba. Bai da kyan Total War, yana da ɗan nauyin hannu, amma tunanin da ke bayansa mai kyau ne.

Na waya kuwa, irin waɗanda ake ta cusa mana tallarsu da hoton Guan Yu ko Cao Cao, ba na ma sa su a layi. Ka fara gini a ce ka jira awa takwas ko ka biya, ka tara soja wata guda wani mai kati ya zo cikin dare ya share ka. Na ga wani abokina ya zuba kuɗin da ya isa cefanen sati a cikin irin wannan don ya buɗe jarumi ɗaya, ya zo yana min bayani da murna, raina ya ɓaci ƙwarai. Wannan ba dabarar yaƙi ake koya maka ba, ana koya maka cewa mai kuɗi shi ke da nasara, an lulluɓe da rigar tarihi.

Abin da ya fi damuna dai, kuma ya shafi har wanda nake so ɗin, shi ne yadda mutuwa ta zama ba komai. Ƙidayar da aka yi a daular Han wajen shekarar 157 ta nuna mutum kusan miliyan 56. Wadda aka yi bayan haɗewar ƙasa a 280 ta nuna kusan miliyan 16. Ba duka ne suka mutu ba, da yawa sun gudu ko sun ɓuya ƙarƙashin manyan masu gonaki ba a rubuta su ba, amma ko rabin wannan giɓin ka ɗauka ai abin ya isa ya hana ka barci. Likitan nan Zhang Zhongjing ya rubuta cewa danginsa sun haura mutum 200, cikin ƙasa da shekara goma kashi biyu cikin uku suka mutu, yawanci da zazzaɓi. Cao Cao da aka kashe mahaifinsa ya afka wa lardin Xu a 193 da 194, aka rubuta cewa gawarwaki sun toshe kogin Si. A cikin gem wannan duk maɓalli ɗaya ne, ka ci gari a tambaye ka za ka zauna ne ko za ka wawashe, ka danna, kuɗi ya ƙaru, wata 'yar lamba ta ragu, ka wuce. Mu da muke zaune a yankin da muka ga abin da barin gona saboda tashin hankali yake jawowa, muka ga 'yan gudun hijira da idonmu ba a littafi ba, bai kamata wannan ya wuce mu haka siddan ba. Ba ina cewa a mayar da wasa zaman makoki ba ne, ina cewa gem ɗin da ya sa ka ji nauyin wannan dannawar ko yaya ya fi wanda ya sa ka tafa wa Lu Bu.

Sannan ina mamakin yadda yawancinsu suka maƙale a shekara ɗari ɗin nan kamar Chaina ba ta da wani tarihi. Har Age of Empires II da aka san shi da zamanin tsakiya sai da ya kawo Wei da Shu da Wu a 2025, magoya bayansa da yawa suka yi ta ƙorafi. Alhali ga zamanin ƙasashe masu yaƙi da juna da ya ƙare a 221 kafin miladiyya, inda Qin ta cinye sauran shida, kuma ta cinye su ne da dokokin ministanta Shang Yang da rajistar gidaje da madatsun ruwa irin Dujiangyan da Li Bing ya gina wajen 256 kafin miladiyya, wanda har yau yana shayar da gonakin Sichuan. Ga rikicin Liu Bang, wanda ya kafa daular Han, da Xiang Yu daga 206 zuwa 202 kafin miladiyya, wanda in da ni ke da kamfani shi zan fara yi. Xiang Yu shi ne Lu Bu na zamaninsa, ya fi ƙarfi, ya sha korar Liu Bang a fagen fama, amma duk sanda aka kori Liu Bang sai wani mutum mai suna Xiao He ya aiko masa da sabbin sojoji da hatsi daga Guanzhong. Shi wannan Xiao He ranar da aka shiga babban birnin Qin kowa ya ruga ɗakin dukiya, shi ya ruga ya kwashe takardun ƙidaya da taswirori. Da aka ci yaƙi aka zo rabon girma, janar-janar masu tabon sara a jiki suna ta ƙorafi, Liu Bang ya sa Xiao He a gaban kowa, mutumin da bai ja daga ko sau ɗaya ba. Ina gem ɗin da zai sa yaro ya so zama Xiao He? Na 11 ɗin nan na Koei ne kawai ya kusa, shi ya sa nake fifita shi, Emperor na biye masa, Total War kuma in za a buga shi a Records ba ni da ja.

Wannan tambayar za ta zo kanmu wata rana fa, don an riga an fara, Age of Empires III ya saka Hausawa a 2021, Civilization VII ya saka Sarauniya Amina a 2025. In aka tashi yin cikakken gem a kan Kano da Katsina da Zazzau da Gobir, ina fatan wanda zai yi shi ya tuna da rumbu da rijiya da ayarin fatake da marina, kar ya tsaya a kan barde ɗaya mai sulke yana korar dubu.

Jiya da yamma na sa wa ƙanen nawa na 11 ɗin, na ba shi Liu Bei a Xinye, ɗan ƙaramin gari da mayaƙa masu suna amma ba kuɗi ba abinci, Cao Cao kuma na saman kansa. Da farko cewa ya yi hoton ya tsufa. Bayan sallar isha'i na leƙo na same shi ya matso da fuska kusa da allo yana ƙirga wani abu da yatsa, ko juyowa bai yi ba ya ce, "Yaya, in na fita da Guan Yu da Zhang Fei duka, abincin kwana 50 ne kawai, kuma ba wanda zai tsaya ya kula da gonakin. Wa zan bari a gida?" Na jawo kujera na zauna kusa da shi muka fara duba sunayen ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya.